Daga Allo da Alli Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira: Waiwaye Kan Shigar Na'ura Cikin Aji

Kafin a ƙirƙiro babban allon bango, malami ba shi da hanyar nuna wa yara arba'in abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sai dai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ya faɗa da baki su rubuta. A farkon ƙarni na 19 aka fara samun sauyi. George Baron ya yi amfani da allo wajen koyar da lissafi a makarantar sojoji ta West Point a Amurka a 1801, sannan James Pillans, malamin labarin ƙasa a birnin Edinburgh, ya shahara da zana taswira a babban allo da alli mai launi. Cikin 'yan shekaru gommai allo ya zama abin da ba a kiran ɗaki aji sai da shi.

Na fara da allo ne domin shi ne ma'aunin da nake gwada duk abin da ya biyo baya. Ba shi da tsada, ba ya lalacewa a tsakiyar darasi, ba ya jiran wutar lantarki. Abu mafi muhimmanci kuma, yana hannun malami: ya rubuta abin da ya ga dama, ya share, ya kira yaro ya zo ya gwada, ya gyara masa a gaban kowa. Na'urorin da suka zo bayansa, kaɗan ne suka cika waɗannan sharuɗɗa.

Majigi ne ya fara zuwa da babban alkawari. A 1913 Thomas Edison ya ce nan ba da daɗewa ba za a daina amfani da littattafai a makarantu, domin hoto mai motsi zai iya koyar da kowane fanni na ilimi. Makarantu sun sayi injinan, amma yawancin malamai ba su kan kunna su sai jifa-jifa. Dalilan kuwa na yau da kullum ne. Sai an nemi injin tun kwanaki kafin darasi, sai an rufe tagogi ɗaki ya yi duhu, fim ɗin da aka samu ba lallai ya dace da babin da ake ciki ba, in ya tsinke kuma darasi ya tsaya ke nan.

Rediyo ya biyo baya. BBC ta fara watsa shirye-shiryen makarantu a 1924, jihohi da jami'o'in Amurka ma suka shiga. A makarantun da ke da isassun malamai, matsalarsa ita ce lokaci: gidan rediyo ke yanke sa'ar darasi, ba ya tsayawa don yaro ya yi tambaya, ba ya maimaitawa. Amma inda babu malami, ko malamin bai samu horo ba, rediyo ya yi aikin da ya kamata a riƙa tunawa da shi. A Kolombiya, Rediyo Sutatenza da wani limamin Katolika, José Joaquín Salcedo, ya kafa a 1947 ya koya wa manoma karatu da rubutu shekaru masu yawa. A Ostireliya, a 1951 aka fara koyar da yaran da ke zaune a ƙungurmin daji daga Alice Springs ta rediyo mai ji da mayar da magana.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne shirin lissafi ta rediyo da aka fara a Nikaragwa a 1974 tare da masana daga Jami'ar Stanford. Ba lacca ake karantawa ba. Muryar rediyo takan yi tambaya ta yi shiru, yara su amsa da ƙarfi, ko su ƙirga da yatsu, ko su rubuta, sai ta faɗi amsar ta wuce zuwa ta gaba, haka har ƙarshen shirin. Da an kashe rediyo, malamin aji zai ɗora da aikin da aka tsara masa a littafin jagora. Yaran da suka bi shirin sun fi takwarorinsu cin jarrabawar lissafi, daga nan salon ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Akwatin rediyon iri ɗaya ne da wanda aka ajiye a kan kanta a wasu makarantu yana cin ƙura. Bambancin yana cikin yadda aka rubuta darasin da kuma gurbin da aka bar wa malami.

A gefe guda, masana halayyar ɗan'adam suna ta nasu gwajin. Tun shekarun 1920 Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio ya ƙera wata na'ura mai maɓallai huɗu wadda ba ta barin ɗalibi ya wuce tambaya sai ya danna amsar da ke daidai. Ba ta yi kasuwa ba. A 1953 B. F. Skinner ya ziyarci ajin 'yarsa ana darasin lissafi, ya ga waɗansu yara sun gama suna zaune, waɗansu suna fama, kuma babu wanda zai san ko ya yi daidai sai an duba takardu daga baya. Daga nan ya shiga ƙera injin koyarwa mai rarraba darasi ƙanana-ƙanana, kowane yaro ya tafi da saurinsa, ya ga sakamako nan take. Injinan sun ɓace kafin ƙarshen shekarun 1960. Tunanin bai ɓace ba, shi ne ke cikin yawancin manhajojin atisaye da yara ke dannawa a waya yau.

Da talabijin ne aka yi gwaji mafi tsada. A tsibiran Samowa na Amurka, daga 1964, aka sake fasalin makarantu baki ɗaya a kan talabijin: ƙwararru a ɗakin watsa shiri su ke koyarwa, malamin aji ya koma mai shirya yara da tsawatarwa. Ba a yi shekara goma ba malamai da ɗalibai suka fara ƙosawa, aka riƙa rage shirin. A shekarar 1964 ɗin aka fara gwada talabijin a 'yan azuzuwa a Nijar. Kwaddibuwa kuma ta ɗauki abin gadan-gadan daga 1971, da cibiyar shirya darussa a Bouaké, amma iyaye da ƙungiyoyin malamai suka yi ta kukan cewa yara suna iya magana da Faransanci ba sa iya rubuta shi, ga kuɗin gyara da batura, har aka rufe shirin a farkon shekarun 1980. Meziko ce ta yi dabam. Shirinta na Telesecundaria da ya fara a 1968 domin ƙauyukan da ba su da sakandare yana nan har yau. A can shirin talabijin gajere ne, sauran lokacin darasi na malami ne da littafi da tattaunawa.

Kwamfuta ta shigo da ra'ayi biyu masu karo da juna. Na farko shi ne na Skinner a sabuwar riga: kwamfuta ta koyar da yaro, kamar tsarin PLATO da aka fara a Jami'ar Illinois a 1960. Na biyu na Seymour Papert ne da abokan aikinsa, waɗanda suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967: yaro ne zai ba kwamfuta umarni, ya ce wa hoton kunkurun da ke fuskarta ya yi gaba taku kaza, ya juya kusurwa kaza, ya ga murabba'i ya fito ko bai fito ba, ya nemo kuskurensa da kansa. Gwamnatoci suka shiga saye. Birtaniya ta cika makarantu da kwamfuta samfurin BBC Micro bayan fitowarta a 1981, Faransa ta ƙaddamar da nata shirin a 1985. Abin da ya fi yawa bayan haka shi ne ɗakin kwamfuta mai ƙofar ƙarfe, wanda aji kan shiga sau ɗaya a mako, nesa da darasin kimiyya ko na tarihi. Larry Cuban na Stanford, wanda ya daɗe yana bin wannan tarihi, ya nuna yadda abin ke maimaita kansa: a zo da alkawari, a saya, malamai su yi amfani kaɗan, sai a ɗora musu laifi. A ganina wannan laifin ba nasu ba ne. Mutumin da ke da minti arba'in, da aji maƙil, da manhajar karatu da dole ya kammala, yana da hujja in ya guji kayan da zai iya cinye masa minti goma kafin ya kunnu.

A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka ya gabatar da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100. Peru ta raba fiye da 800,000. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 daga makarantun karkara 319 ya gano cewa yaran sun iya sarrafa kwamfutar, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma lissafi da harshe ba su motsa ba. Yurugwai, wadda ta fara nata shirin na Ceibal a 2007, ta haɗa da intanet da gyara da horar da malamai da dandalin darussa, shirin ya ɗore, ya kuma yi mata rana lokacin korona. Hukumar makarantun Los Angeles ta shiga shirin iPad na fiye da dala biliyan ɗaya a 2013, ya wargaje cikin shekara biyu, kuma rashin kammaluwar darussan da aka sayo tare da na'urorin yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen. A 2015 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe mafi yawansu masu arziki, ta ba da rahoton cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makarantu ba su ga wani ci gaba na a-zo-a-gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

A daidai waɗannan shekaru akwai wani aiki da ke tafiya ba hayaniya, wanda a wajena ya fi amfanar malami. A 2001 MIT ta sanar cewa za ta saka kayan darussanta a intanet kyauta. A 2002 wani taron UNESCO ya raɗa wa irin waɗannan kaya suna, wato kayan ilimi na buɗe ga kowa, a shekarar kuma lasisin Creative Commons ya fito, wanda ke bai wa malami damar kwafa da gyara da fassara ba tare da ya taka haƙƙin mallaka ba. A 2002 ɗin Carl Wieman ya kafa PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta, a Jami'ar Colorado, inda yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji. Manhajar GeoGebra ta ba malamin lissafi damar jan kusurwar alwatika yara su ga jimillar kusurwoyin tana nan digiri 180. Scratch, manhajar da yara ke koyon ba kwamfuta umarni da ita, ta fito a 2007 ta gaji tunanin Papert. A shekarar ne kuma malaman ilimin sinadarai biyu a Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara ɗaukar bayaninsu a bidiyo domin ɗaliban da darasi ya wuce, daga baya suka juya tsarin: a kalli bayani a gida, a zo aji a yi aiki malami yana zagayawa. Inda babu intanet, manhajojin Kiwix da Kolibri suna ɗauko Wikipedia da darussa su ajiye a na'ura ɗaya aji ya yi amfani. Babban giɓin da ya rage shi ne harshe, domin mafi yawan kayan nan da Turanci da wasu 'yan harsuna kaɗan aka yi su.

Wani gwaji a Kisumu ta Kenya ya kwatanta hanyoyi uku: a ba yara na'urar karatu, a ba malamai kwamfutar hannu, ko a ba da kwamfutar hannun ga jami'an da ke zagayawa suna taimaka wa malamai. Duka ukun sun ɗaga karatun yara kusan daidai, sai dai ta ukun ta fi araha nesa ba kusa ba, ita aka ɗauka a shirin Tusome na ƙasa daga 2015. A Delhi kuma, manhajar Mindspark, wadda ke fara gano inda yaro ya tsaya sannan ta ba shi aiki daidai da shi ko da yana aji shida amma fahimtarsa ta aji uku ce, ta kawo ci gaba mai yawa cikin wata huɗu da rabi.

Sai annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu a ƙasashe fiye da 190, ta shafi masu karatu kusan biliyan 1.6. UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su samu karatu daga nesa ta kowace hanya ba. Rediyo da talabijin da aka ɗauka sun tsufa suka dawo. A Botswana aka gwada aika tambayoyin lissafi ta saƙon tes tare da kiran waya sau ɗaya a mako, aka ga lissafin yaran ya ƙaru, ba tare da intanet ko babbar waya ba.

Bayan annobar ra'ayi ya fara juyawa. Faransa tun 2018 ta hana wayar salula a firamare da ƙaramar sakandare, Holan ta bi sahu a 2024, Suwidin kuma daga 2023 ta koma zuba kuɗi a littattafan takarda. A tsakiyar wannan ja da baya ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, ta fito, ranar 30 ga Nuwamba 2022. Makarantun birnin New York suka toshe ta a Janairun 2023, suka buɗe a watan Mayu. Malamai da yawa yanzu suna sa ƙirƙirarriyar basira ta zayyano musu tambayoyi hawa uku a kan babi ɗaya, ko ta sauƙaƙa nassi ga masu rauni a karatu, aikin da a da yake cin dare guda. Amma tana iya kawo kuskure da cikakkiyar yarda da kai, don haka sai malami ya bi layi-layi kafin ya kai aji, kuma aikin gida ya daina zama shaidar cewa yaro ne ya yi tunanin. A Satumban 2023 UNESCO ta ba da shawarar kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. Rahotonta na ilimi na wannan shekarar ya ce kayan fasahar koyarwa kan sauya kusan kowane wata 36, mafi yawan shaidar amfaninsu kuma daga ƙasashe masu arziki take fitowa, wata ma daga bakin masu sayar da kayan.