Ciwon gwiwar hannu ga masu ɗaga ƙarfe: a rage nauyi, kada a jingine hannun

Yawancin masu ɗaga ƙarfe da ke zuwa mana da wannan ciwo, ba a wurin atisaye hankalinsu ya fara tashi ba. A gida ne. Mutumin da ke cira kilo 80 sai ya ɗauki kofi, ko ya murɗa makulli, ya ji zafi ya tsarga masa ta gefen waje na gwiwar hannu har zuwa wuyan hannu.

Ana kiransa ciwon gwiwar 'yan tanis, amma akasarin masu fama da shi ba su taɓa buga tanis ba. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu sun haɗu ne a wata jijiya mai kauri da ta manne da ɗan tudun ƙashin nan na wajen gwiwa. Duk sanda ka damƙi ƙarfe da ƙarfi, ita ake ja. Idan damƙar ta yi yawa, musamman tafin hannu na kallon ƙasa, ko ka ƙara nauyi cikin gaggawa, sai zarenta ya fara sassaɓewa kafin jiki ya gyara. An fi ganinsa tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Kuskure biyu nake gani kullum, kuma duka suna damuna. Wani ya cije ya ci gaba, wai namiji ba ya gudun zafi. Wani kuma ya naɗe hannu wata biyu bai taɓa komai ba, ranar da ya koma sai ciwon ya dawo sabo. Jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa take jinkirin warkewa, kuma aiki daidai gwargwado ne ke ƙarfafa ta.

Don haka ka bar duk atisayen da ke tayar da zafin na 'yan makonni. Sauran ka rage musu nauyi, ka riƙe ƙarfe tafukan hannu na fuskantar juna, wuyan hannu a miƙe. Atisayen ƙafa kuwa babu dalilin barinsa.

Ga atisayen da na fi ba muhimmanci. Ka ɗora hannu a kan tebur, tafi na kallon ƙasa, wuyan hannu ya ɗan zarce bakin teburin. Riƙe ƙarfe mai kilo 1. Ɗaga shi da taimakon ɗaya hannun, sannan ka bar mai ciwon ya sauke shi shi kaɗai, sannu a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu. Yi sau 10 zuwa 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku. Ɗan zafi kaɗan ba laifi. Amma in ka wayi gari ya fi na jiya, ka yi yawa, sai ka rage.

Ƙanƙara a cikin tawul na minti 15, farasitamol ko maganin shafawa, da ɗamarar da ake ɗaurawa ƙasa da gwiwa kaɗan, duk suna sauƙaƙa zafi. Ba su ne ke gyara jijiyar ba. Allurar sitiroid, wato ta rage kumburi, ita ma ina roƙon a yi hattara da ita: tana kwantar da ciwon na 'yan makonni, amma an gano waɗanda aka yi wa sun fi samun dawowarsa daga baya.

Ciwon kan ɗauki wata 6 zuwa shekara 2, sai dai kusan mutum 9 cikin 10 na warkewa cikin shekara guda, ba tare da tiyata ba. In ka yi mako shida babu sauƙi, nemi likitan gashin ƙashi. In kuwa gwiwar ta kumbura ta yi zafi rau, ko yatsu sun yi sanyi kamar ba naka ba, ko ka ji wani abu ya tsinke lokacin ɗagawa, kada ka jira, je asibiti a ranar.