Tsadar magani ba ita ce ƙarfinsa ba

Dattawa da yawa masu hawan jini sun ɗauka maganin da ya fi tsada shi ya fi aiki. Ba haka ba ne. Ga misali, maganin hawan jini Norvasc, wanda kamfanin Pfizer ya ƙirƙiro, da amlodipine mai araha sinadarinsu ɗaya, miligiram 5 nan, miligiram 5 can. Sunan kamfani ake biya.

Abin da ke damuna shi ne tsoho ya sayi mai tsada na mako biyu, kuɗi su ƙare, ya daina sha. Hawan jini kuwa ba ya son fashi, shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya. A tambayi likita ko akwai mai araha, a duba lambar NAFDAC a jikin kwali, a guji na masu talla a rana.