Digirin Digirgir na Haɗin Gwiwar Jami'a da Masana'anta a Fannin Semikondokta

Digirin digirgir na haɗin gwiwa tsari ne da ɗalibi ke rajista a jami'a, amma galibin bincikensa yana gudana a kamfani ko a cibiyar da kamfanoni ke zuba wa kuɗi. Jami'a ce ke ba da digirin, ita ce kuma ke tantance kundin. A fannin semikondokta, wato sinadarai irin su silikon da ake ƙera transista (ƙananan makunnan lantarki da ke cikin kwamfuta da waya) da su, tsadar kayan aiki ce ta tilasta wannan haɗin kai. Na'urar da ke zana da'irorin lantarki a kan silikon da hasken EUV, wani haske da ido ba ya gani mai tsawon zango nanomita 13.5 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kamfanin ASML na ƙasar Holan kaɗai ke ƙera ta, kuma kuɗinta ya haura dala miliyan 100. Ba jami'ar da za ta iya sayen irinta don ɗalibai.

Kowace ƙasa da salonta. A Faransa, shirin CIFRE da aka fara a 1981 yana sa kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki na shekara uku, gwamnati kuma ta tallafa wa kamfanin. Digirin EngD na Birtaniya shekara huɗu ne, kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin a masana'anta ake yin sa. A Amurka, ƙungiyar SRC da aka kafa a 1982 tana tara kuɗi daga kamfanoni ta raba wa ɗakunan binciken jami'o'i. Akwai kuma cibiyoyin bincike da ke tsakanin jami'a da masana'anta: CEA-Leti a birnin Grenoble na Faransa tun 1967, da imec a birnin Leuven na Beljiyam tun 1984, inda ɗalibi ke aiki a ɗakin ƙira mai tacacciyar iska, digirinsa kuma ya fito daga jami'a irin ta KU Leuven.

Babbar matsala ita ce lokaci. Masana'anta na aiki da faifan silikon mai faɗin milimita 300, guda 25 a akwati ɗaya, kuma kafin faifai ya ratsa ɗaruruwan matakai ya fito, watanni na iya wucewa. Faifan ɗalibi kan jira a layi bayan na abokan ciniki. Don haka ake raba akwatin tun farko: wasu faya-fayan a canza musu kaurin sinadarin da ake shimfiɗa musu, wasu zafin gashi, a bar aƙalla ɗaya ba a taɓa ba domin kwatance. Wanda ya canza abu biyu a faifai ɗaya, ko ya manta da na kwatancen, ba zai san abin da ya jawo sakamakonsa ba, kuma ya yi asarar rabin shekara.

Gurɓata ma tana raba ɓangarorin biyu. Ɗakunan binciken jami'a sun saba amfani da zinariya wajen haɗa wayoyin gwaji, alhali zinariya da tagulla suna kutsawa cikin silikon idan ya yi zafi, su lalata aikin transista. Faifan da ya taɓa irin wannan na'ura ba a mayar da shi tanderun masana'anta. Shi ya sa ake tsara aiki ya tafi hanya ɗaya, daga masana'anta zuwa jami'a.

Masu zana da'ira sun fi samun sauƙi, domin tsare-tsare irin su MOSIS da Europractice suna haɗa zanen mutane da yawa a faifai guda, a raba kuɗin.

Sai batun sirri, wanda ya fi kowanne jawo saɓani. Ɗalibi yana bukatar wallafa sakamako, kamfani kuwa yana son yin rajistar haƙƙin ƙirƙira tukuna. A Turai, wallafa abu kafin a shigar da takardar neman haƙƙin yana soke damar samunsa. Amurka tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara ɗaya. Yarjejeniya mai kyau tana fayyace kwanakin da kamfani zai duba rubutu kafin a tura shi mujalla, da tsawon lokacin da za a iya ɓoye kundin. Sau da yawa ana goge lambobin da ke jikin zanen sakamakon gwaji a bar siffar layin kawai, abin da ke hana wasu masana maimaita gwajin. Dokokin hana fitar da fasaha kuma kan hana 'yan wasu ƙasashe taɓa wasu na'urori, kuma ya kamata a bincika wannan kafin a zaɓi maudu'i.

Ana naɗa masu duba aiki biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Idan kamfani ya soke aikin a tsakiyar hanya, malamin jami'a ne ke da alhakin ceto kundin, don haka ake so tambayar binciken ta tsaya da ƙafarta ko da hajar kamfanin ba ta kai kasuwa ba.