Malamin kimiyya da ruwan garinsu: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a nan Zariya, kuma duk sa'ad da aka tayar da zancen ƙara wa malamai sani kan ruwan koguna da rijiyoyi, tambayoyin abokan aiki ba sa canzawa sosai. Ga su nan da abin da nake amsawa.

Mene ne ma ake so malami ya koyo? Ai ruwa ruwa ne.

Ana nufin ruwan da ba na teku ba: kogi, tafki, kududdufi, fadama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiya ke kaiwa gare shi. Cikin ruwan duniya baki ɗaya, wanda ba gishiri a cikinsa bai kai kashi 3 cikin 100 ba, mafi yawansa kuma ƙanƙara ne ko yana can ƙarƙashin ƙasa. Namu rabon a Zariya yana sauka ne a 'yan watannin damina, wajen milimita 1,000 a shekara, sauran watannin kuma abin da ƙasa da madatsu suka riƙe muke sha. Abin da ake so malami ya iya shi ne ya bi wannan ruwa da ƙafa da ido: daga ina ya taso, me ya kwasa a hanya, wa ke sha a ƙasa. Ƙoramar Kubanni ta ratso Samaru, inda jami'ar Ahmadu Bello ta datse ta, ta wuce tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ta faɗa kogin Galma, Galma kuma ta kai kayanta kogin Kaduna. Yaro da yawa ya haddace sunan kogin Nilu amma bai san kwatar gidansu Galma ta nufa ba.

Mun yi karatun malanta na NCE, wasu har digiri. Me ya rage?

Hannu ya rage. Ni kaina na shekara ina zana zagayowar ruwa a allo, girgije da kibiya da rana, ban taɓa kai ɗalibi bakin ruwa ba. An taɓa kiran mu bita ta kwana uku a wani zaure, aka yi ta haska hotunan tabkunan ƙasashen waje a bango, aka raba takardar shaida da kuɗin mota, muka watse. Har aka gama ba wanda ya jiƙa yatsa. Abin ya daɗe yana damuna, domin rafi na nan ƙasa da tafiyar minti goma daga inda muka zauna.

To ya horon kirki yake?

A bakin ruwa ake yin sa, da kayan da malami zai iya samu gobe ba tare da ya jira kowa ba.

Ɗauki farin faranti, ka huda tsakiyarsa, ka ɗaure da igiya mai ƙulli-ƙulli, ka sa ɗan dutse a ƙasa. Zura shi cikin ruwa har farin ya ɓace maka, ka ƙirga ƙullin. Ka auna gurɓacewar ruwan ke nan. Maimaita a watan Agusta da kuma Fabrairu, yara da kansu za su tambaye ka me ya sa ya bambanta, daga nan sai zancen zaizayar ƙasa da sare itatuwan bakin rafi ya shigo.

Zoɓo ma kayan aiki ne. Jiƙa shi ba sukari, ka raba a kofi biyu. Ɗiga lemun tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. Sa kanwa a ɗayan, ya juya ya yi duhu. Ranar da na fara gwada wannan, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan na kawo ruwan wankin gidanmu fa?" Washegari ta zo da shi a gorar roba. Darasin asid da kishiyarsa bai taɓa zama a kan yaran ba kamar wannan makon.

Sai ƙwayar zogale. A ɓare busasshiya, a daka, a zuba garin ƙwaya ɗaya ko biyu cikin lita ɗaya ta ruwa mai laka, a motsa, a bar shi kamar awa guda. Lakar za ta kwanta. Amma a nan ne malamin da ya samu horo ke bambanta da wanda ya ji labari: dole ya faɗa wa yara cewa ruwan ya yi garau ne kawai, ƙwayoyin cuta ba su ƙare ba, sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin.

Kuma a koya wa malami duba abin da ke raye a ciki. Inda takin zamani daga gonakin rani ko ƙazantar kwata suka yi yawa, gansakuka da kainuwa kan rufe fuskar ruwa. In suka mutu suka ruɓe, iskar oksijin ta ragu, karfasa ta sha wuya. Tarwada ta fi juriya domin tana iya shaƙar iska daga sama, saboda haka ganinta kaɗai ba shaidar ruwa mai lafiya ba ne.

Wannan ba aikin ma'aikatan lafiya ba ne?

Su kan zo makaranta su raba maganin tsargiya, praziquantel, su tafi. Malami ne ke nan kullum. Shi zai bayyana cewa ƙwan tsutsar da ke jawo ta yana fita cikin fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ya shiga wanka a kududdufi. Yaron da ya gane wannan zagaye ya san dalilin da ya sa cutar ke dawowa bayan an sha magani. Ga kududdufai nan birjik a cikin birni, ramukan da aka haƙa don ƙasar gini. Haka ma kwalara: ana son tazarar kamar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, a gidajenmu kuwa wani lokaci taku biyar ne. Kurkunu da ya addabi kakanninmu, tace ruwa da wayar da kai na cikin abin da ya kawar da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a Najeriya.

Malamin Islamiyya ma da shi nake so a yi. Hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi na yin fitsari a ruwan da ba ya gudu yana cikin Bukhari da Muslim, kuma iyaye sun fi saurin karɓar magana in ta zo ta bakin malaman biyu.

Ina za a samu masu horarwar?

Zariya ba ta da uzuri a nan. Jami'ar Ahmadu Bello na nan tun 1962, da Cibiyar Ilimi da masanan halittu da injiniyoyin ruwa. A Kaduna akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga kuma ƙungiyar malaman kimiyya, STAN. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa malaman makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya da masani guda, su riƙa haɗuwa kowane zangon karatu a bakin ruwa guda, kowa da littafin da yake rubuta abin da ya auna.

Iyaye za su yarda a kai 'ya'yansu rafi?

Suna da gaskiya in sun ji tsoro. A nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, a gaisa da mai unguwa, a tafi da malamai biyu aƙalla, da mace in akwai 'yan mata. Ba yaron da zai sa ƙafa a ruwa; malami ne ke ɗibowa da guga, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Da damina kuwa, in Kubanni ta kawo, a bar ta, a kawo ruwan aji cikin kwalabe.