Masu son zuwa yawon dam a Peak District, ku karanta wannan kafin ku kira ni

Shekara shida ke nan ina zaune a Sheffield ta Ingila, kuma duk watan Satumba, da sabbin ɗalibai sun sauka daga gida, wayata ba ta hutawa. Wani ya ga hoton ruwa da tsauni a WhatsApp, shi ma sai ya je. Tambayoyin dai su ne na bara, su ne na bara waccan. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Wai ina ne wurin?

Ladybower, tsakanin Sheffield da Manchester, cikin yankin tuddan da ake kira Peak District. Dam uku ne a jere a kwarin kogin Derwent: Howden can sama, Derwent a tsakiya, Ladybower a ƙasa. Ka hau jirgin ƙasa ka sauka a Bamford, ka taka, ba za ka yi awa ɗaya ba ka ga ruwa.

Nawa ne kuɗin shiga?

Ko sisi. Mai mota ne kawai zai biya kuɗin ajiye ta a Fairholmes, wurin tarbar baƙi kusa da dam ɗin Derwent.

Babu namun daji? Babu masu tare hanya?

Tumaki ne, ɗan'uwa, tumaki. Akwai maciji mai dafi iri ɗaya a ƙasar, shi ma gudun mutum yake, ni sau ɗaya na taɓa ganinsa yana shan hantsi. Kaska ta fi shi zama abin lura, don tana sa wata cuta da ake kira Lyme, saboda haka ka duba ƙafafunka in ka dawo. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowa maciji yake tambaya, ba wanda ya taɓa tambayata sanyi, alhali sanyin ne ke kai mutane asibiti.

Na iya ruwa tun ina yaro, zan iya ɗan faɗawa?

A'a. Kuma kada ka kawo mini labarin kogin garinku. An hana wanka a waɗannan dam ɗin, ruwan sha ne na Derby da Leicester da Nottingham da Sheffield, amma ba dokar ce ma ta dame ni ba. Ko a tsakiyar Yuli, ranar da kake gumi a bakin ruwan, cikinsa ƙanƙara ne. Da jikinka ya shiga ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15, numfashi zai ƙwace maka, ka ja iska ba da sonka ba, in kanka na cikin ruwa a lokacin to ruwa ka ja. Bayan 'yan mintoci hannu da ƙafa su daina jin magana. Gwanin ruwa da wanda bai iya ba duk ɗaya ne a nan. Ga gaɓar mai santsi da gangare, ga bututun jan ruwa a ƙasa. Je ka leƙa manyan ramukan nan biyu na kusa da bangon Ladybower, kowanne faɗinsa wajen mita 24, inda ruwa ke zurarewa in dam ya cika. Ka ɗauki hotonka daga bayan shinge ka gode wa Allah.

Za mu iya tafiya da gawayi mu gasa nama?

Ku gasa a gida ku zuba a kula. Ƙasar kan tudun nan, wadda Turawa ke ce wa moor, ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya taru shekaru dubbai, in ya bushe ci yake da wuta har ta ƙarƙashi. A watan Yunin 2018 wuta ta kama Saddleworth, kusa da dam ɗin Dovestone, aka yi makonni ana fama, har sojoji aka kira.

Da gaske akwai gari a ƙarƙashin ruwan?

Biyu ma, Ashopton da Derwent. An fara ginin Ladybower a 1935, aka gama a 1943, Sarki George na shida ya buɗe shi a 1945. An kwashe mutanen, kamar yadda aka yi wa tsohuwar Bussa lokacin ginin Kainji. Hasumiyar cocin Derwent ta ɗan jima tana leƙowa daga ruwa kafin a rushe ta a 1947. A shekarar fari irin 2018 ruwa yakan ja har a ga kufan. Kada ka biye wa masu shiga lakar don hoto, tana riƙe mutum.

Me zan saka?

Takalmi mai tauri mai riƙe idon sawu, da rigar ruwa, da riguna biyu ko uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ban da jins, in ya jiƙe ba ya bushewa. Hajiya, abaya ba matsala in a bakin ruwa za ki tsaya, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, har keken jarirai ake turawa. In za ki hau tudu ki sa wando mai kauri a ciki, ki ɗaure mayafin da kyau, iskar wurin ba ta da kunya.

To in muna saman tudu hazo ya rufe mu fa?

Yauwa. Wannan ce tambayar da na so a ce kowa da ita yake farawa, kuma ba ni da amsa guda ɗaya da zan ba ka, don ya danganta da inda kake da kuma wanda kake tare da shi.

Ba hazon hunturun gida ba ne mai ƙura. Gajimare ne ke saukowa ya zauna a kan tudun, cikin minti goma ka daina ganin wanda ke gabanka da taku ashirin, kayanka su jiƙe ba tare da an yi ruwa ba. In a hanyar bakin dam kake, kwantar da hankalinka, ka bar ruwan a gefe ɗaya ka ci gaba. In kana kan hanya bayyananniya, irin ta tudun Derwent Edge inda aka shimfiɗa duwatsu a wasu wurare, shawarata ka juya ta inda ka fito tun kana ganin sawunka. Na san akwai masu cewa in an wuce rabi gara a ƙarasa, kuma wani lokacin suna da gaskiya, in ragowar hanyar gangara ce kuma akwai wanda ya san ta a cikinku. Sanin gaske nake nufi, ba wanda ya taɓa zuwa sau ɗaya rana na haske ba.

Inda abin yake da wuya shi ne in hanyar ta ɓace, musamman a saman tudun Kinder Scout, mai tsayin mita 636, fili ne baƙi mai kwazazzabai da duk kamarsu ɗaya. Hankalinka zai ce ka bi rafi ya kai ka ƙasa. Wani wurin haka ne, amma a can rafin yana iya kai ka bakin dutse mai tsawo ya faɗa, kai ma ka bi shi. Zama wuri ɗaya kuma yana da nasa haɗarin, don jiƙaƙƙen jiki a cikin iska saurin sandarewa yake. Ni abin da nake yi: mu taru, a ƙirga kowa, a sa duk rigar da ke jaka, a sha shayi mai zafi daga filas, sannan a duba taswira. In mun gane inda muke, mu taka a hankali. In ba mu gane ba, ko wani ya fara makyarkyata yana magana ba kan gado, to ba sauran jarumta, a kira 999, a ce 'yan sanda, a ce ana neman masu ceton kan tsauni. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi, ba kuma ruwansu da bizarka. Ka kira da sauran haske da sauran caji, don sanyi na shanye batir, sabis kuma sai a hankali.

Na taɓa hawa da wasu samari biyar, ɗaya ya ƙi jin maganar takalmi ya zo da farin kambas. Hazo na saukowa ya kauce hanya da taku uku, ƙafarsa ta lume har gwiwa. Ƙafar ta fito, kambas ɗin bai fito ba. Da safa biyu da ledar burodi ya sauko, yana dafe da kafaɗata, haƙoransa na haɗuwa.

Ba gonar wani za mu shiga ba?

Yawancin filin yana da masu shi, amma dokar shekarar 2000 ta ba kowa damar takawa a wuraren da aka ware. Ba a banza aka samu ba, a 1932 sai da aka ɗaure mutum biyar saboda hawa Kinder Scout. Ka bar ƙofar shinge yadda ka same ta, ka kwashe ledarka.

Salla fa?

Ka yi alwala a Fairholmes, akwai banɗaki, ko ka riƙe gorar ruwanka. Ka kauce daga hanya ka fuskanci kudu maso gabas, ba mai ce maka uffan. Ka dai duba kashin tumaki kafin ka shimfiɗa darduma.

Ƙarfe nawa za mu fita?

Da safe. Safiyar agogo, ba "gani nan tafe" ba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, kuma babu fitilar titi ko ɗaya a wurin. Jirgin da na ce shi zan hau, wanda ya makara ya same mu a hoto.