Waiwaye: yadda wasan daɓe ya daina zuwa unguwa a Akra

Duk lokacin da aka sanar da sabon wasan kwaikwayo a babban ɗakin wasanni na ƙasar Gana, muhawara kan abin da ya hana mutanen zango zuwa kallo sai ta sake tashi a gidajen rediyo da Facebook da majalisun ataya na Nima da Mamobi, unguwannin zango a Akra. Wasu su ce tikiti ya yi tsada, wasu su ce waya ta cinye hankalin matasa. Akwai kuma masu cewa mutanen zango dama can ba 'yan kallon wasan daɓe ba ne. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi rauni, domin dattawan da suka yi samartaka a shekarun 1960 da 1970 sun ga zamanin da wasa yake zuwa har unguwa. Ita kuwa wayar zamani, ko da ta iso, ta tarar 'yan kallo sun watse da fiye da shekara ashirin.

Farkon labarin sananne ne. Wajen 1918 wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Teacher Yalley ya fara wasannin barkwanci da waƙa, Bob Johnson ya ɗauka ya fita da shi gari-gari, aka kafa ƙungiyar Axim Trio a 1937. A 1952 E. K. Nyame ya haɗa wasan da kiɗan hailaif na jita, ya mai da shi harshen Akan, konsat, wato wannan wasa na barkwanci da kiɗa da ake yawo da shi gari-gari, ya zama abin talaka. A ɗaya ɓangaren, na 'yan boko, marubuciya Efua Sutherland ta kafa ƙungiyarta ta wasan kwaikwayo a 1958, aka buɗe Ghana Drama Studio a tsakiyar Akra a 1961, makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ta jami'ar Gana da ke Legon ta biyo baya a 1962. Masu muhawara sukan tsaya nan, sai su yi tsalle zuwa 1992 da buɗe babban ɗakin wasanni. Abin da ya faru a tsakani, musamman daga 1982 zuwa 1984, shi ne ba a cika tonawa ba.

Kafin a gane abin da ya karye a waɗannan shekaru, sai an san yadda ƙungiyar konsat take cin abinci. A shekarun 1970 ƙungiyoyin sun kai gwammai, kuma kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Bas ɗaya, mutum kamar ashirin, makaɗa da 'yan wasa da yaran ɗaukar kaya, sai jita da ganguna, lasifika, janareta, da manyan allunan katako da aka zana abubuwan ban tsoro ko ban dariya na cikin wasan. Kwanaki kafin ƙungiya ta iso, mutum guda yakan riga ta zuwa garin. Shi zai yi ciniki da mai fili, ya gaida sarki, ya kafa allunan a tasha ko mararraba. Ranar wasa da la'asar bas ɗin zai zaga gari da lasifika yana shela. Da dare a fara da kiɗan rawa, a yi 'yar barkwancin buɗe fage, sai dare ya raba sannan a shiga ainihin wasan, a tashi wajen ƙarfe biyu ko uku. 'Yan wasa su kwana a wurin, da safe a ɗaure kaya a nufi gari na gaba.

Wurin wasan ba wani gini na musamman ba ne. Gidan silima ne, ko rumbun koko, ko ɗakin taron unguwa, ko babban gida mai tsakar gida. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama da katanga da ƙofa guda, inda za a tsaya a karɓi kuɗi. A Akra gidajen silima irin su Dunia a Nima, Oxford a New Town, Orion a Circle da Palladium a James Town sun sa kusan kowace unguwa tana da wurin da za a taru a biya a yi kallo, kuma a koma gida da ƙafa. Mai sayar da waake ko koko da ƙosai ba ta bukatar kuɗin mota, ba ta bukatar sabon ɗinki.

Kuɗin ƙofa kuwa rabawa ake yi a daren. Mai fili ya ɗauki nasa, a cire na mai da hayar mota, mai kayan kiɗa ya karɓi kasonsa, abin da ya rage a raba wa 'yan ƙungiya gwargwadon matsayi. Ruwan sama yana iya kashe dare guda, tunda yawancin wuraren ba rufi. Babbar jana'iza a gari ko wata ƙungiya da ta riga ku isowa ma haka. Asarar yau ribar gobe ce take rufe ta, shi ya sa ake jera garuruwa a bi su dare bayan dare, a kuma daidaita tafiyar da kakar koko daga Oktoba zuwa Kirsimeti da ranakun albashi a garuruwan ma'adinai irin su Obuasi da Tarkwa. Sana'ar gaba ɗaya a kan jerin darare take tsaye.

To daga farkon 1982 aka shiga dokar hana fita da dare, wadda ta ɗauki kimanin shekara biyu da rabi. Ba ita kaɗai ta zo ba. A 1983 aka yi fari mai tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki har da na koko, abinci ya yi wuya, kuma a farkon shekarar mutanen Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo daga Najeriya a lokaci guda. Man fetur da taya da kayan gyaran mota sun zama abin nema. Kowanne cikin waɗannan shi kaɗai, ƙungiya mai ƙarfi za ta iya daurewa. Haɗuwarsu ce ta taɓa kowace ƙafa ta sana'ar: ba dare, ba mai, manomin da zai biya kuɗin ƙofa kuma ba shi da ko na hatsi.

An gwada mai da wasa rana. Bai ɗore ba, kuma dalilan a fili suke. Da rana manomi yana gona, 'yar kasuwa tana kasuwa. Fili marar rufi ba ya zaunuwa da ƙarfe biyu. Fitilar da take sa aljanin cikin wasa ya ba da tsoro ba ta da aiki a hasken rana. Yara kuma suna hawa katanga da bishiya su kalla kyauta, abin da duhu yake ragewa. Wasan da aka saba ja na awa biyar ko shida sai an datse shi domin kowa ya isa gida kafin lokaci, kiɗan rawar da yake tara mutane tun farko shi ake fara yankewa.

Asarar da ta fi girma ba a ganin ta a lissafin kuɗi. Konsat ba shi da rubutaccen wasa. Shugaban ƙungiya yakan ba da ƙashin labari, marainiya da muguwar kishiyar uwa, ko magajin da ya cinye dukiyar gado, kowane ɗan wasa ya cika nasa da baki, a maimaita a gaban jama'a har ya goge. Inda za a saka waƙa, inda za a dakata domin 'yan kallo su hau daɓe su liƙa wa marainiya kuɗi ko su zagi muguwar, duk a ka suke. Koyon ma a hanya ake yi: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma tsaron ƙofa, a ba shi fitowa ta minti biyu, bayan shekaru ya zama mai ɗaukar wasa. Da bas ya tsaya, makarantar ta tsaya. Makaɗa suka bazu, wasu Legas da Abijan, wasu Jamus, da yawa suka koma kiɗa a majami'u inda akwai kayan kiɗa da taron rana. Mutumin da yake riga ƙungiya zuwa gari, wanda ya san kowane mai fili daga Swedru zuwa Tamale, ya kama wata sana'ar. Irin wannan sani ba a sayo shi a kanti in an tashi farfaɗowa.

Da dare ya dawo a 1984, wani abu ya riga ya zauna a gurbin. Gidan bidiyo talabijin ɗaya yake bukata, da na'urar kaset, da bencina, da ƙaramin janareta, da yaro guda a ƙofa, da allon da za a rubuta sunan fim da alli. Ba ciyar da mutum ashirin, ba hayar bas, ruwan sama bai dame shi ba, kuma yana iya haska fim uku a yini. A zango finafinan Indiya da na faɗan Sin suka samu kasuwa, a 1987 finafinan Gana da aka ɗauka da kyamarar bidiyo suka fara fitowa, daga baya na Kano suka shigo da harshen da ake ji a gida. A wajen biki da suna, mai lasifika da kaset ya maye gurbin makaɗa. Gidajen silima na unguwa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka zama majami'u, wasu shaguna da rumbunan ajiya. Babu wanda za a ga laifinsa a nan, kowa lissafin haya ya bi. Amma katanga mai ƙofa guda ta ɓace daga unguwa.

Abin da ya dawo a shekarun 1990 gini ne da talabijin. An buɗe babban ɗakin wasanni na ƙasa a Disamba 1992, ƙasar Sin ta gina, da kujeru kimanin 1,500, a filin da Drama Studio take, ita kuma aka sake gina irinta a Legon. A tsakiyar shekarun aka farfaɗo da konsat a cikinsa ana nunawa a talabijin, 'yan barkwanci irin su Nkomode da Bob Okala suka yi suna a duk ƙasa. Aiki ne mai kyau, ya ciyar da mutane da yawa. Sai dai alkiblar ta juya: da wasa ke zuwa wurin mutane, yanzu mutane ke zuwa wurin wasa, wanda bai iya zuwa ba ya kalla a ɗaki kyauta. A wannan zamanin ne ma marubuci Mohammed Ben Abdallah, haifaffen Kumasi, ya rubuta wasan da ya kafa labarinsa a Nima. Zango ya hau daɓe a matsayin labari a daidai lokacin da yake raguwa a cikin 'yan kallo.

Daga 2008 marubucin wasanni Uncle Ebo Whyte ya nuna cewa mutanen Akra za su sayi tikiti in an saba musu da sabon wasa duk wata uku, kuma wasu irin su Latif Abubakar sun cika manyan ɗakuna. Wannan ya rushe zancen cewa ba a son wasan daɓe. Amma a duba lissafin babban ɗaki. Wasa biyu ran Asabar, biyu ran Lahadi, kujera 6,000 ke nan da ake so a sayar a ƙarshen mako guda. Kafin a buɗe labule an biya hayar ɗaki, makonnin gwaji, kafinta da fenti, fitilu, ƙaramin makirufo na maƙalawa ga kowane ɗan wasa, janaretar ko-ta-kwana da talla. Tikiti kaɗai da wuya ya rufe wannan, sai da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, su kuma masu albashi suke nema. Daga nan harshen wasa yake zama Turanci da ɗan Tuwi, yaren Akan, farashi ya bi aljihun ma'aikacin banki.

Lokacin ma bai dace da mazaunin zango ba. An saba sa wasa ƙarfe huɗu da ƙarfe takwas. Rana a Akra kusan duk shekara wajen ƙarfe shida take faɗuwa, saboda haka wasan ƙarfe huɗu mai awa biyu da wani abu yana cin magariba. Na ƙarfe takwas ya fi, tunda an yi isha'i, amma ana tashi bayan goma, lokacin da trotro, wato ƙananan bas na haya, ya yi ƙaranci a unguwar ma'aikatu inda ɗakin yake, sai tasi. Daga Nima tafiyar ba ta da nisa. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku dai tikiti biyar zai saya, ga mota zuwa da dawowa.

Inda al'adar take da sauran numfashi a zango shi ne makarantun Islamiyya. A Maulidi da walimar sauka yara suna yin gajerun wasanni da Hausa da Larabci, iyaye mata su cika kujeru, a yi dariya, a yi liƙi kamar yadda ake yi wa marainiyar konsat. Matsalolin da ake gani kusan kullum iri ɗaya ne. Makirufo ɗaya ko biyu ake miƙawa hannu zuwa hannu, sai maganar ta rasa gudu, ba'a ta mutu kafin ta isa. Ana ajiye lasifika a bayan 'yan wasa, sai ta riƙa kuwwa, alhali gaban daɓe ya kamata ta tsaya tana fuskantar jama'a. Daɓen yakan yi ƙasa, daga layi na biyar ba a ganin komai sai kawuna, ga shi ɗaga shi zuwa gwiwa ko cinyar babba ya isa taron mutum ɗari biyu. Fitila kuma akan rataye ta a saman kai ko a baya, fuska ta yi duhu, maimakon biyu daga gaba, hagu da dama.

Duk waɗannan gyaransu na yini ɗaya ne. Wanda ya fi wuya shi ne wurin. Ana yin taron ne a titi, ƙarƙashin rumfar haya da kujerun roba, ko'ina a buɗe, saboda haka ba a sayar da tikiti, kuma wasan da yara suka yi wata guda suna gwadawa sau ɗaya ake yin sa. Wuraren da suka rage masu katanga da ƙofa guda a Nima da Sabon Zango da Madina su ne harabar makarantu, kuma yawancinsu a kulle suke daga isha'i zuwa safe.