Mece ce tsagewar jijiyar zuciya ga maijego?

Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa huɗu, SCAD. Da Hausa sai mu ce jijiyar zuciya ce ta tsage da kanta, babu bugu babu hatsari.

Zuciya tsoka ce, ita ma tana da ƙananan jijiyoyin da ke kai mata jini. Bangon kowace jijiya hawa uku ne. Wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti a damina zai gane zancen: ruwa ya sulale tsakanin ƙasa da yaɓe, yaɓen ya kumburo. Haka jini yake kutsawa cikin bangon jijiyar, ya taru, ya matse hanyar da sauran jinin ke bi. Tsokar da ke gaba ta rasa jini, bugun zuciya ke nan.

Bugun zuciyar da aka saba ji na masu shekaru ne, kitse ya toshe jijiya. Wannan kuwa yakan kama mace mai ƙuruciya ko matsakaicin shekaru da ba ta da siga, ba ta da ƙiba. Kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne. Tun 1931 aka fara bayyana shi, a gawar wata mata mai shekara 42. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kan gaba cikin abubuwan da ke jawo bugun zuciya ga masu ciki da masu jego. Sinadaran ciki suna sassauta bangon jijiyoyi, jinin jiki ya ƙaru da kusan rabi, ga kuma naƙuda.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacinsa. Ga masu ciki da masu jego, ya fi zuwa a watan farko bayan haihuwa, musamman makon farko, wato daidai hidimar suna. Gida cike da 'yan barka, maijego ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, kamar an ɗora mini turmi." A ce mata olsa ce, ko gajiyar haihuwa, ko nono ne ya cika. A miƙo kunun kanwa. Alhali ciwon na bin hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga gumi, ga tashin zuciya, numfashi na sarƙewa. Wannan ba na jiran arba'in ba ne. A nemi mota a lokacin, zuwa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko na Tarayya a Gombe, a faɗa wa likita ranar da ta haihu.

Kada a haɗa shi da raunin zuciya na bayan haihuwa da aka fi sani a Arewa, mai kumbura ƙafa da hana kwanciya. Wancan tsokar ce ta gaza.

Ana fara bincike da awon bugawar zuciya na ECG da gwajin jini, hoton jijiyoyin ne ke tabbatarwa. Galibi ba a garajen yin aiki, domin taɓa tsagaggiyar jijiya na iya ƙara yage ta. Kwantar da ita ake yi a sa ido na 'yan kwanaki, a ba ta maganin da ke rage wa zuciya aiki, kuma yawanci tsagar tana haɗewa cikin makonni. Yana iya dawowa, shi ya sa maganar ciki na gaba a gaban likitan zuciya ake yinta, da maigida a zaune.